Hannun da Ƙanena Ya Hora

Mu mahauta ne tun kaka da kakanni. Babanmu ya sauka Inugu da wuƙarsa a ɗamara, ya kama ɗaki a Coal Camp, a nan aka yanke mana cibi ni da ƙanena. Ni tattasai da albasa nake sayarwa a Kasuwar Artisan tun rasuwar mijina, amma har gobe in na ji kalangu sai jikina ya tsuma. Ƙanena kuwa gadon ya kwasa gaba ɗaya, fawa da dambe. Da safe yana kwata jini har gwiwar hannu, ranar Lahadi da yamma yana fili makaɗa na zuga shi. Ɗan dambe hannun dama yake dunƙulewa, a naɗe shi da tsumma, a bi da igiya har ya yi tauri, da shi ake bugu, hagu kuma ta kare fuska. Hannun nan nasa ya kai maza ƙasa a Anaca da Fatakwal, kuma ba ya gajiya da ba mu labari.

Rigimar da ta cinye hannun ba ta taka kara ta karya ba. Tirelar shanu ce ta iso kwata, gidan mahauta biyu kowa ya ce layinsa ne. Aka fara da zagi, aka koma sanduna, sai ga adda. Wanda ya zaro addar abokin ƙanena ne na ƙuruciya, tare na sha yi musu wanka a kwano ɗaya suna ihu. Ya kai masa sara a ka, ƙanena ya ɗaga hannun dama ya tare.

Ina cikin auna wa wata mata tattasai aka zo aka faɗa mini. Ban san yadda na isa ba, takalmina ɗaya dai ban ƙara ganinsa ba. Na tarar da shi zaune a cikin kwatar jinin shanu, nasa jinin na tsartuwa yana haɗuwa da nasu, hannun na reto da 'yar fata, yatsun suna motsi su kaɗai. Maza sun zagaye shi suna salati, ba wanda ya yi wani abin kirki. Na zage su tas, na tuɓe gyalena na ɗaure masa damtse, na sa haƙori na ja ƙullin. A keke mai ƙafa uku muka kai shi asibiti, kansa a cinyata, yana ta maimaita abu guda: "Yaya, shi ne fa. Shi ne fa." Likita ya ƙarasa abin da adda ta fara, ƙasa da gwiwar hannu kaɗan.

An tsare mai addar na wani lokaci, manya suka shiga tsakani aka sake shi. Sarkin fawa ya nemi a yi sulhu, ƙanena ya ce ko gawarsa ba za ta je ba. Ni ma a lokacin ban ga laifinsa ba.

Wanda bai zauna da mai dungu ba bai san yadda dama ta mallake rayuwarmu ba. Da ita ake ci, da ita ake karɓa, da ita ake gaisawa. Mutum zai miƙo wa ƙanena hannu a ƙofar masallaci, ya tuna, ya janye da sauri yana kame-kame. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da maza don kada a ga hagunsa a cikin tuwo. Daga baya ya daina fita ma. Matarsa ta riƙa zuwa rumfata tana kuka a bayan buhunan albasa, ni kuwa in ce mata albasar ce ta sa ta hawaye, ta tashi ta wanke fuska.

Maƙwabciyata a kasuwa, mai tumatir, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ita ta ce mini 'yar yayarta injiniya ce a Fatakwal, suna da ɗan wurin aiki inda suke ƙera hannu mai batir, kuma suna neman mutanen da za su gwada. Sai da na yi kamar zan ɗaure ƙanena da igiya kafin ya shiga mota.

Wurin yana saman wani shago kusa da Kasuwar Creek Road, ƙarnin busasshen kifi na shigowa ta taga. Injiniyar 'yar siririya ce mai gilashi, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda aka koya mata a gida, shi ya sa na ba ta kunnena. Ta ɗauko wani hannun ƙarfe, ta kwance bayansa ta nuna mana wani ɗan allo kore, bai kai kwalin ashana ba.

Ta ce, "Mama, rediyo yadda aka haɗa shi haka zai mutu. Wannan ba haka yake ba. Hanyoyin wutar da ke cikinsa ba a kafe suke ba, shi yake shimfiɗa su da kansa. Yana sauraron tsokar da ta rage a dungun. Duk lokacin da aka sa shi a caji sai ya rushe wasu hanyoyin, ya gwada sababbi masu yawa, wadda ta dace da abin da mai hannun ya fi yi ya riƙe ta, sauran ya zubar."

Na ce, "To wa yake gaya masa wadda zai riƙe?"

Ta nuna ƙanena da baki. "Shi. Ba da magana ba, da abin da yake yi kullum. Bayan 'yan watanni ko ni da na haɗa shi, in na buɗe ba zan gane yadda ya tsara cikinsa ba."

Ƙanena ya ɗago ya ce, "E go hold knife? Zai riƙe wuƙa? Zai riƙe ƙashin saniya?"

Ta yi dariya ta ce tunda mahauci ne za ta ƙara masa ƙarfin riƙo fiye da na sauran. Sannan ta ja masa kunne: ya riƙa buɗewa da rufewa, ya ɗauki cokali, ya ɗauki ƙwai, ya shafa kan yaransa, ya yi ta gaisawa da mutane. Ta ce nan gaba injuna irin wannan su za su riƙa ƙera na bayansu, ƙirƙirarriyar basirar da ake ta magana a rediyo ba a waya kaɗai za ta tsaya ba, har jikin ƙarfen zai riƙa sauya kansa. Idonta na ƙyalli tana faɗa. Ni dai na ce Allah ya sa alheri, hankalina yana kan motar komawa.

Da aka saka masa hannun, makonnin farko har sadaka na yi. Ya ɗauki cokali, ya zubar, ya sake ɗauka. Ranar da ya kai lomar tuwo baki da dama, matarsa ta rangaɗa guɗa sai da maƙwabtanmu Inyamurai suka leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Yara suka riƙa bin sa suna "Robot! Robot!" yana korarsu yana murmushi. Ya koma kwata, ya koma masallaci.

Wata Litinin, ranar zaman gida da ba a fita kasuwa a Inugu, na je gidansa da hantsi. Tun daga zaure nake jin wani tim, tim, tim daga bayan gida. Na zagaya. Ya rataye buhun yashi a bishiyar mangwaro, ya tuɓe riga, ya naɗe hannun ƙarfen nan da tsumma da igiya irin naɗin dambe, yana dukan buhun yana kiran sunan mai addar. Bakin dungun ya kumbura, jini na bin igiyar, bai ma sani ba.

Na ce, "Kai! Abin da aka ba ka hannun ka yi ke nan?"

Ya ce, "Yaya, ki koma cikin gida."

"In koma uwar wa? Yarinyar nan ƙwai ta ce ka ɗauka!"

Ya ce, "Ƙwai ne ya sare ni?"

Akwai taɓarya jingine a bango. Na ɗauka na maka masa a gadon baya, ban rage ƙarfi ba. Ya juyo, hannun nan a sama, idonsa jajur, na ɗauka yau zan bi mijina. Sai ya sauke shi a kan tukunyar ruwan da ke gefena. Ta tarwatse, wani ɓangaren ya yanke ni a ƙafa, tabon yana nan. Na fita ina ɗingishi ina tsine wa dambe da wanda ya ƙirƙiro shi.

Matarsa ta gaya mini gaskiya daga baya. Kullum in ya dawo daga kwata sai ya naɗe, ya yi ta bugu har magariba, sannan ya kwance igiyar ya sa hannun a caji. A tunaninsa hannu hannu ne, yadda ya horar da na farko haka zai horar da na biyu. Duk ɗan damben da ka tambaya haka zai yi. Wata da watanni yana ɗaure yatsun nan a dunƙule a daidai lokacin da zuciyarsa ke tafasa, ɗan allon kuma yana saurare, yana shimfiɗa hanya.

Da damina ta kusa ƙarewa ya ga ya shirya. Ya fita da sassafe da barho a ƙugu, ya nufi inda aka ce mai addar yake. Ban san ya tafi ba sai da ya dawo ya shigo rumfata, ya zauna a ƙasa cikin ɓawon albasa, ƙato da shi, yana kuka kamar yaro.

Ashe tun ranar da abin ya faru mutumin bai ƙara iya riƙe wuƙa ba. Ya bar fawa, ya koma dakon fatu a bayan wata kwatar daban, ya rame ya lalace. Da ya hango ƙanena bai gudu ba. Ya ajiye fatar da ke kansa, ya je gungumen da ake datsa ƙashi, ya durƙusa, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kai. Ya ce, "Na daɗe ina jiranka. Sara, ko na samu in yi barci."

Ƙanena ya ce mini, "Yaya, na zaro wuƙar. Sai na ga tabon ƙunar nan a hannunsa, wadda ya samu ranar da muka saci gasasshiyar masarar Inna. Na kasa."

A ranar ya yanke igiyar buhun, ya aika wa sarkin fawa cewa ya yarda da sulhu. Manya suka sa ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko, a farfajiyar masallacin unguwa. Sharaɗin ɗaya ne, kamar kullum: su gaisa hannu da hannu a gaban jama'a, a yi fatiha.

Ni ce na kira injiniyar, domin na lura in ransa ya motsa, ko da dariya ce, yatsun nan sai su ƙanƙame. Na gaya mata komai. Ta ce a kawo hannun ta goge duk abin da ya koya, a fara daga farko. Amma zai yi makonni ba hannu, kuma in ya dawo sai ya koyi cokali kamar jariri.

Ƙanena ya ce, "To in miƙa masa me ranar Juma'a? Dungu? In tsaya gaban jama'a in nuna masa aikinsa? Ko hagu zan ba shi, a ce na yafe da wulaƙanci?"

Na ce a ɗaga ranar. Ya ce in aka ɗaga, dangin mutumin za su ce ya janye, matasan gidajen biyu kuma dama a wuya suke. Wannan kam gaskiya ne, na san su. Sai muka zauna gwaji. Kullum da yamma in miƙa masa hannuna, ya kama, ya saki. Ya gwada da matarsa, ya gwada da maƙwabci. Yana kamawa a hankali, yana saki lafiya lau. Har tsokanarsa na yi, na ce hannun ƙarfe ya fi na da ladabi.

Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar gidan da ke kallon masallacin, tare da wasu mata. An shimfiɗa tabarmi, manya a gaba, matasan gidajen biyu kowa a ɓangarensa. Liman ya yi nasiha. Ƙanena ya tashi cikin farar riga, mutumin ya tashi. Ina ganin fuskar ƙanena sarai daga inda nake. Idonsa ya cika da hawaye, tun kafin su haɗu ya buɗe hannun ya miƙa. Ya ce da ƙarfi, kowa ya ji, "Na yafe maka duniya da lahira."

Tafin mutumin ya shiga cikin nasa. Sai yatsun suka rufe.

Ƙarar na fara ji, kamar ana taka busasshen kara. Mutumin ya ƙwala ihu ya zube a gwiwa. Ƙanena ya ja baya, ya janyo shi tare, domin hannun bai saki ba, ƙara matsewa yake. Jini ya fara fitowa ta tsakanin yatsun ƙarfe yana ɗiga a tabarma. Ƙanena na ihu, "Ba ni ba ne! Wallahi ba ni ba ne! Saki! Saki!" yana dukan hannun da hagunsa.

Wa zai saurare shi? Ƙanen mutumin ya yi tsalle ya sauke masa sanda a ka, goshinsa ya tsage, farar rigar ta rine. Namu suka taso. Cikin ƙiftawar ido farfajiyar masallaci ta koma kwata: sanduna, duwatsu, buta, benci. An fasa wa ladan baki. Wani tsoho ya faɗi aka bi ta kansa. Na kutsa ciki ban san da me nake dukan mutane ba, ashe murfin tukunyar matar gidan ne. Su biyun kuwa suna tsakiya a ƙasa, manne da juna, ana dukan ɗaya ana jan ɗaya, duk jan da aka yi sai wani ƙashin ya ƙara karyewa.

Ƙanena ne ya ja jiki da gwiwa, yana janye da mutumin, har bakin dakalin masallaci. Ya ɗora hannun ƙarfen a kan siminti, ya ɗago fuskarsa da jini ya rufe, ya dubi ƙanen mutumin, wanda a lokacin ya riga ya zaro adda. Ya ce, "Nan! Sara nan, a wuyan hannun!" Sara na farko ya zame. Na biyu ya shiga, wayoyi suka fito. A na uku hannun ya rabu, kusan a inda hannunsa na asali ya rabu. Ko a haka bai buɗe ba. Da shi aka ɗauki mutumin zuwa asibiti, sai da makaniki ya zo da kayan aiki ya kwance yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Hannun mutumin bai ƙara moruwa ba. Yatsu biyu aka cire, sauran sun ƙage. Danginsa suka kwashe shi suka tafi da shi Anaca, ba a yi fatihar ba har yau.

Injiniyar ta zo Inugu da kanta ta karɓi ragowar. Bayan kwanaki ta kira ni, muryarta a dashe. Na ce, "Lalacewa ya yi ko?" Ina so ta ce e, wallahi ina so.

Ta ce, "Mama, bai lalace ba. In jikinsa a kwance yake, hanyar buɗewa tana nan. Amma in zuciyarsa ta buga da ƙarfi, tsokar ta ɗaure, hanya ɗaya kawai ya bar wa kansa. Bai san bambancin fushi da kuka ba. Duk lokacin da ya taɓa jin tsokar a haka, a dunƙule yake."

Ta ce za su gyara tsarin, za su sa wani maɓalli na saki, za su ba shi sabo. Ƙanena ya ce ya gode. Bai karɓa ba.

Yanzu in na ji ana gardama a kasuwa cewa injuna za su ƙwace aikin mutane, ko za su fi mu wayo su mallake mu, ba na sa baki. Ni ba wayonsu nake tsoro ba. Na ga yadda ɗaya ya zauna a bayan gida yana koyo ba ya musu, kuma na san abin da muke yi a bayan gidajenmu.

Abin da ya fi ci wa ƙanena rai ba tsagar goshin ba ce. Ranar da ya fara fita bayan ya warke, matasan kwata suka taso suka kewaye shi suna ɗaga hannu. Mai kalangu ya saƙale ganga ya hau yi masa kirari, wai namijin da ya jira shekara ya rama a gaban liman. Har manyan da suka yi tir a fili, in sun keɓe da shi sai su dafa kafaɗarsa su ce, "Kai ma ka iya shiri." Ya yi rantsuwa har ya gaji. Duk unguwar nan ba wanda ya yarda cewa da gaske ya yafe, kuma can Anaca ma ba mu san abin da mutumin yake ɗauka ba.

Da yammar ranar ya zo rumfata ina tattara kaya. Ya tsaya yana kallona, hannun rigarsa na dama a ninke da fil.

Ya ce, "Yaya, ke dai kin yarda ba ni ba ne?"

Na ce, "Na yarda. Na ga fuskarka."

Ya sauke ajiyar zuciya. Da na bar shi a nan, da ya tafi gida da sauƙi. Amma ni ban iya rufe baki ba, haka Allah ya yi ni.

Na ce, "Ranar Juma'ar ba kai ba ne. Na bayan gidan nan fa, wane ne?"

Ya sunkuya ya ɗauki buhun albasata da hagu, ya saɓa a kafaɗa, ya yi gaba zuwa bakin titi inda ake samun keke.